Magatakardan kotun da ya ƙidaya tagwayen taurari 13,665

Duk wanda ya taɓa kwana a Sakajiki, ko wani gari na ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, a daren da babu farin wata kuma hazo ya washe, ya san irin sararin samaniyar da mutanen birni suka daɗe da mantawa. Dattawan karkara ba sa ɓata a cikinsa. Sun san Kaza da 'Ya'yanta, sun san Gamzaki mai fitowa da asuba, sun san Zara da ake wa kirari da matar wata. Malamanmu kuwa suna ƙidayar masaukan wata guda 28, waɗanda manoma ke kira taurari, kowanne da kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimilla kwana 365. Da wannan lissafi ake sanin lokacin sharar gona da shuka da girbi.

A cikin waɗannan masaukai akwai Zira'a, wato wasu taurari biyu masu haske da ke jere da juna, waɗanda Turawa ke kira Castor da Pollux. Idan ka dubi Castor da ido, za ka rantse tauraro ɗaya ne. Ka sa masa ƙaramin madubin hangen nesa, sai ya rabu biyu. Yau masana sun tabbatar cewa taurari shida ne a wurin, bibbiyu sau uku, duk suna kewaya juna. Irin waɗannan su ake kira tagwayen taurari, kuma ɗaya daga cikin mutanen da suka fi kowa yi wa iliminsu hidima ma'aikacin kotu ne a birnin Shikago na Amurka, wanda bai taɓa zama a ajin jami'a ba. Sunansa Sherburne Wesley Burnham.

Mene ne tagwayen taurari?

Kafin a shiga tarihinsa, ya kamata mai karatu ya san abin da ya shafe shekara fiye da 40 yana bi. Taurari biyu kan bayyana dab da juna ta hanya biyu. Ta farko ruɗin ido ce. Matafiyi da dare yakan hango fitilar mai shayi a bakin hanya da fitilar wata mota can nesa kamar a haɗe suke, alhali akwai tafiya mai tsawo a tsakaninsu. Haka wasu taurarin suke: layi ɗaya kawai suka faɗo daga inda muke tsaye. Ta biyu kuwa haɗuwa ce ta gaskiya, inda ƙarfin jan juna ya ɗaure taurari biyu suna zagaye. Wanda ya taɓa kallon kokawa ya ga misalinsu: 'yan kokawa biyu sun riƙe juna suna juyi, mai jiki yana ɗan motsawa a tsakiya, mara nauyi kuma shi ke yin babban zagaye.

Mutanen da can sun lura da irin waɗannan taurari. A jerin taurarin arewa da Larabawa ke kira Banatu Na'ashin akwai wani mai haske mai suna Mizar, a gefensa kuma wani ɗan dishi-dishi da suke kira Suha, wanda da shi suke gwada ƙarfin idon mutum. Amma tambayar da ta daɗe ba amsa ita ce: shin kusancin nan na gaskiya ne? A shekarar 1767 wani malami a Ingila, John Michell, ya nuna ta hanyar lissafi cewa yawan taurarin da ake gani bibbiyu ya wuce a ce katari ne kawai. Sai a 1803 William Herschel, wanda asalinsa makaɗi ne daga Jamus, ya kawo hujja. Ya shafe kusan shekara 25 yana auna Castor da wasu irinsa, ya ga ƙaramin tauraron yana sauya wuri a hankali a kewayen babban. Da haka aka gane cewa dokar da Isaac Newton ya bayyana, wadda ke riƙe da wata a kewayen duniya, ita ce dai ke aiki a can tsakanin taurari.

Amfanin wannan ya fi yadda ake zato. Ɗan kasuwa ya san ba a cinikin abin da ba a auna ba, to amma wane sikeli ne zai ɗauki tauraro? Tagwaye su ne sikelin. Idan aka san tsawon shekarun da suke ɗauka kafin su gama zagaye ɗaya, aka san tazarar da ke tsakaninsu, lissafi zai fitar da nauyinsu. Nauyin tauraro kuwa shi ke yanke yawan haskensa da zafinsa da tsawon rayuwarsa. Kusan rabin taurarin da suka yi kama da ranarmu suna da abokan zagaye, saboda haka wannan fanni ya shafi babban kaso na abin da ke sama.

Yaron shago da Shi'ira

Akwai wani labari da ya share wa Burnham hanya, kuma 'yan kasuwa za su ji daɗinsa. Friedrich Bessel, wanda aka haifa a Jamus a 1784, yaron shago ne a wani kamfanin fatauci a birnin Bremen. Don yana son fita kasuwancin teku ya fara koyon yadda matuƙa jirgin ruwa ke gane hanya da taurari, daga nan ilimin ya ja shi gaba ɗaya. A 1838 shi ne ya fara fitar da amintaccen awon nisan wani tauraro daga duniya, kuma tauraron, mai suna 61 Cygni, tagwaye ne.

A 1844 Bessel ya yi wata magana mai ban mamaki game da Shi'ira, tauraron da ya fi kowanne haske da dare, wanda sunansa ya zo a Suratun Najmi. Ya lura cewa tafiyarsa ba miƙe take ba, yana ɗan karkacewa kamar wanda wani ke ja, sai ya ce lallai yana da abokin da ba a gani. Bessel ya rasu a 1846 ba tare da ya ga abokin ba. Ranar 31 ga Janairu, 1862, wani maƙerin gilashi a Amurka, Alvan Graham Clark, yana gwada sabon madubi mai faɗin inci 18 da rabi, sai ga ɗan tauraron a gefen Shi'ira. Yau an san suna gama zagaye a shekara 50, kuma ƙaramin, duk da girmansa bai wuce na duniyarmu ba, nauyinsa ya kai na rana. Wannan madubi daga baya an kai shi cibiyar kallon taurari ta Dearborn a Shikago, inda zai faɗa hannun Burnham.

Daga gwanjo zuwa bayan gida

An haifi Burnham ranar 12 ga Disamba, 1838, a ƙauyen Thetford na jihar Vermont, shekara guda bayan rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Karatunsa na aji bai wuce makarantar garinsu ba. Da kansa ya koyi rubutun gaggawa, irin wanda ake ɗaukar maganar mutum da alamomi yana faɗa ana rubutawa, kuma wannan ce ta zama sana'arsa. Lokacin yaƙin basasar Amurka ya yi wa rundunar gwamnatin tarayya aikin ɗaukar bayani a birnin New Orleans. A can ne ya sayi wani littafin taswirar taurari a wajen gwanjo, ya riƙa fita da dare yana neman abin da ya gani a takarda.

A 1866 ya koma Shikago ya kama aikin ɗaukar bayanan shari'a a kotu, aikin da ya yi sama da shekara 20 yana yi. Daga albashinsa ya tara dala 800 ya ba kamfanin iyalan Clark, suka ƙera masa madubi mai faɗin inci 6, ya karɓa a 1870. Ya kafa shi a wata 'yar rumfa a bayan gidansa. Da rana yana kotu yana rubuta maganar alƙali da lauyoyi da shaidu, da dare yana rumfa.

A wancan zamani manyan masana sun ɗauka an gama da wannan fanni. Herschel ya yi nasa, Wilhelm Struve kuma a Dorpat, garin da yau ake kira Tartu a ƙasar Estoniya, ya fitar da jerin tagwaye sama da 3,000 tun 1827. Me ya rage wa ma'aikacin kotu mai ɗan ƙaramin madubi? Ashe da sauran rina a kaba. Burnham yana da kaifin ido na ban mamaki, ga naci. Ya riƙa komawa kan taurarin da manya suka duba suka wuce, yana ganin 'yan abokai a maƙale da su. A 1873 mujallar ƙungiyar masana taurari ta Ingila ta buga jerinsa na farko mai sababbin tagwaye 81. Da wannan ƙaramin madubi kaɗai ya gano guda 451.

Yadda ake awon

Don a gane wahalar aikin, a dubi ma'aunin. Ana raba da'irar sama zuwa digiri 360, kowane digiri a raba shi gida 3,600. Faɗin cikakken wata ya kai kimanin gida 1,800 na irin waɗannan. Gida ɗaya kuwa daidai yake da faɗin tsabar kuɗi mai santimita 2 idan aka hango ta daga nisan kilomita 4. Da yawa daga tagwayen Burnham tazararsu ba ta kai gida ɗaya ba.

Abu biyu ake aunawa: tazarar da ke tsakanin taurarin, da kuma kusurwar da ƙaramin yake daga babban idan aka fara ƙidaya daga arewa. Ana yin haka da wata na'ura da ake ɗaurawa a bakin madubi, mai ɗauke da zarurruka sirara ƙwarai, sau da yawa na saƙar gizo-gizo. Mai awo zai murɗa har zare ɗaya ya hau tauraro na farko, ɗayan ya hau na biyu, ya karanta lamba, ya rubuta da kwanan wata, ya sake a wani daren don tabbatarwa. Da farko Burnham ba shi da wannan na'ura. Sai wani attajirin masani a Italiya, Ercole Dembowski, ya ɗauki nauyin auna masa abin da ya gano. Wasiƙu suka yi ta kai da kawowa a tsakaninsu ta jirgin ruwa, ɗaya na gani, ɗaya na aunawa.

Awon dare ɗaya ba ya nuna komai. Sai an jera shi da na shekara 10 ko 50 da suka wuce kafin a ga motsi. Castor, alal misali, yana bukatar kimanin shekara 460 kafin manyan taurarinsa biyu su gama zagaye ɗaya, wato tun daga awon Herschel har yau kimanin rabin hanya aka shaida. Mai wannan aiki kamar mai dasa dabino yake, ya san wani ne zai ci. A nan ne sana'ar Burnham ta yi masa rana. Mutumin da ya saba rubuta maganar shaida yadda ta fito, ba ƙari ba ragi, shi ne ya dace da rubuta abin da ido ya gani ko da ya saɓa wa abin da ake tsammani.

Tsakanin kotu da dutse

Suna ya fara fita. Aka ba shi damar amfani da madubin Dearborn, wanda aka fara ganin abokin Shi'ira da shi, ya ƙara gano wasu ɗaruruwa. A 1879 masu shirin gina cibiyar Lick suka aike shi kan dutsen Hamilton a Kalifoniya, ya je da ɗan madubinsa ya gwada ko sararin wurin ya dace. Rahotonsa ya yaba wurin, aka ci gaba da gini. Da aka buɗe cibiyar a 1888, da madubi mai inci 36 wanda ya fi kowanne irinsa girma a duniya a lokacin, Burnham ya ajiye aikin kotu ya koma can. Waɗannan shekaru huɗu su ne karo na farko da ya daɗe yana cin abinci da ilimin taurari.

A 1892 ya dawo Shikago ya karɓi muƙamin magatakardan kotun tarayya, ya riƙe shi har 1902. Amma bai saki sama ba. A 1894 ƙungiyar masana taurari ta Ingila ta ba shi lambar zinariya, mafi girman karramawarta, a 1904 kuma cibiyar kimiyya ta Faransa ta ba shi kyautar Lalande. Da aka buɗe cibiyar Yerkes ta Jami'ar Shikago a 1897, mai madubin inci 40, aka ware masa dare biyu a mako. Ya tashi daga ofis a ƙarshen mako, ya hau jirgin ƙasa zuwa Williams Bay a jihar Wisconsin, ya kwana biyu yana awo cikin sanyin da ke daskarar da tafki, ya dawo bakin aiki. A lokacin ya kusa shekara 60.

A 1900 aka buga jerin tagwaye 1,290 da shi da kansa ya gano. Amma a Yerkes ya rage neman sababbi, ya duƙufa kan sake auna tsofaffin da aka yi watsi da su, aikin da ba ya jawo suna sai dai ya amfani na baya. Babban abin da ya bari ya fito a 1906. Tun shekarun 1870 yake kwafe da hannunsa duk wani awon tagwaye da ya samu a littattafai da mujallu, domin babu wuri guda da aka tara su. Bayan shekara fiye da 30, cibiyar Carnegie ta buga kundin a juzu'i biyu, ɗauke da tagwaye 13,665. A kansa Robert Aitken ya gina nasa kundin na 1932 mai guda 17,180, daga nan aka kai ga kundin Washington na yau, wanda ya haura 150,000. Burnham ya daina awo a 1914, ya rasu a Shikago ranar 11 ga Maris, 1921. Akwai wani rami a doron wata da aka sa wa sunansa.

Mu ma muna da gado

Mai karatu na iya cewa wannan labarin mutanen wata duniya ne. To, ƙarni guda kafin a haifi Burnham, ƙasar Hausa ta fitar da malamin da Misira ta san da zamansa. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya yi zurfi a lissafi da ilimin taurari, ya tafi aikin hajji, ya yi rubuce-rubuce, ciki har da littafinsa na 1732 kan hanyoyin tsara hatimin lambobi, inda kowane layi ke ba da jimilla ɗaya. Ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira a 1741, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, masanin falaki kuma mahaifin shahararren marubucin tarihin Misira, Abdurrahman al-Jabarti. Shekara 13 ke nan kafin haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Gaskiya ne a zamaninsa, a nan da Turai duka, lissafin tafiyar taurari yana cakuɗe da neman sanin gaibu ta hanyarsu, kuma wannan ne ya sa har yau wasu ke ɗari-ɗari da fannin. Ya kamata a bambance. Duba da bokanci daban, ilimin falaki daban. Na biyun shi ne wanda ake gane alƙibla da lokutan salla da shi, shi ne kuma ke taimaka wa kwamitin ganin wata na fadar Sarkin Musulmi sanin daren da za a nemi jinjirin wata. Awon tagwayen taurari reshe ne na wannan: a duba, a auna, a rubuta, a bar wa na baya.

Abin da sararinmu ke da shi

Akwai wata baiwa da Allah Ya yi wa wannan yanki wadda Burnham bai samu ba. Ƙasar Ƙaura Namoda tana kimanin digiri 12 da rabi ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka ana ganin dukan taurarin arewa da mafi yawan na kudu. Daga Shikago ba a ganin Alpha Centauri, tagwayen da suka fi kowaɗanne kusa da mu, waɗanda haskensu ke iso mu cikin shekara huɗu da 'yan watanni, suke kuma gama zagaye a kimanin shekara 80. Mutumin Sakajiki kuwa, daga Afrilu zuwa Yuni, in gari ya yi garau, zai gan su ƙasa-ƙasa ta kudu. A daren guda, in ya juya arewa, ga Mizar da Suha. Daga Janairu zuwa Maris kuma Shi'ira da Zira'a suna sama bayan sallar lisha.

Aikin bai ƙare ba. Kumbon Gaia na Turai, wanda aka harba a 2013, ya taimaka an gano tagwaye sama da miliyan ɗaya, amma na'ura ba ta iya komawa baya ta auna shekarar 1880, shi ya sa har gobe ake buɗe alƙaluman Burnham. Dubban tagwaye a kundin Washington sun daɗe ba a sake auna su ba, kuma masu sha'awa da ɗaliban sakandare a ƙasashe da dama suna auna su da ƙananan madubai da kyamara, ana karɓar sakamakonsu. Nijeriya tana da hukumar binciken sararin samaniya tun 1999, da cibiyar nazarin taurari a Nsukka. A Zamfara akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Ƙaura Namoda da jami'ar tarayya a Gusau. Madubi mai inci 6, irin wanda Burnham ya gano tagwaye 451 da shi, yau kuɗinsa bai kai na tsohuwar mota ba. Ƙungiyar 'yan kasuwa ɗaya ko ta tsofaffin ɗalibai za ta iya saya wa makaranta, in an samu malamin da zai riƙe shi amana.

Sai dai akwai abin da ya fi madubi tsada. Wannan ilimi yana bukatar mutum ya zauna a waje da dare hankalinsa kwance, kuma kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa ƙauyukan arewacin Zamfara a shekarun nan. Hirar dandali, inda yaro ke jin sunayen taurari daga bakin kakansa, ta yi rauni a garuruwa da yawa, wasu ma an watse an koma birni inda hasken lantarki da hayaƙin janareta suka rufe sama. Dattawan da suka san fitowar Zira'a da faɗuwarta suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Kafin a kai ga sayen madubi, duk mai dattijo irin wannan a gida zai iya ɗaukar biro da takarda ya rubuta abin da ya sani, da sunan tauraron da lokacinsa da aikin gonar da ake yi a cikinsa. Da irin wannan kwafe-kwafe na hannu magatakardan Shikago ya fara. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya sa 'ya'yanmu su sake kwana a waje suna ƙidayar taurari.